"Ɗan koyo ne ya sauke mu a Kano": yadda aka kwashe a zaure

Alhajin Kwari: Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya na ga abin da ban taɓa gani ba. Daga Jidda muka taso, mun iso Kano da yamma cikin hazo, tayoyi sun fito, har ina hango rufin gidaje ta taga, kawai sai injin ya ɗau ƙara, jirgi ya sake cillawa sama. Mata na salati, yara na kuka. Da ya zagayo kuma sai ya buga mu da ƙasa kamar an yar da buhun gero. Kuɗinmu muka biya fa. Don me za a damƙa rayukan jama'a hannun ɗan koyo?

Hajiya Babba: Subhanallahi. Barka da arziki Alhaji, Allah ya kiyaye gaba.

Injiniya: Barka Alhaji. Amma da girmanka, abin da ka gani ba aikin ɗan koyo ba ne. Fasa sauka ƙa'ida ce. Babban jirgi tun yana nesa da kamar kilomita 200, kusan nisan Kano zuwa Kaduna, yake fara gangarowa daga can mita 11,000. Idan ya miƙe saitin titin sauka, akwai na'urar ILS a ƙasa mai aiko masa da sigina biyu: ɗaya tana riƙe shi a tsakiyar titi, ɗaya tana riƙe shi a kan gangaren digiri 3, wato duk kilomita guda ya sauko mita 52. Kafin ya iso ƙafa 1,000 daga ƙasa dole komai ya daidaita: gudu, tayoyi, ƙarin fiffiken da ake zarowa don rage gudu. A irin ILS ɗin da aka fi amfani da shi, in ya kai ƙafa 200 matuƙi bai ga titi ko fitilunsa ba, doka ta ce ya tura totur ya tashi.

Alhajin Kwari: To ni da nake hango rufin gidaje, shi makaho ne?

Injiniya: Kai ƙasa kake kallo ta gefe, Alhaji. Shi gaba yake kallo, ta cikin kaurin hazo, yana gudun kusan kilomita 250 a awa.

Yayar Matuƙi: Ni wannan kalma ta "ɗan koyo" ce ta ƙona min rai. Ƙanena mataimakin kyaftin ne. Gonar mahaifinmu aka sayar ya je makarantar tuƙin jirgi ta Zariya, ya yi shekaru yana karatu da jarrabawa, sannan wani yana zaune a kujerar baya ya kira su 'yan koyo. Haba Alhaji!

Alhajin Kwari: Hajiya ni na ambaci ƙanenki?

Ɗan Tasha: Kowa ma ɗan koyo ne kafin ya zama oga. Ni shekara nawa na yi ina yaron mota. Meye abin zagi a ciki?

Yayar Matuƙi: Malam kar ka haɗa matuƙin jirgi da yaron mota.

Ɗan Tasha: Au, mu ba mutane ba ne kenan? Ranar da jirginku ya fasa tashi ai tasha kuke dawowa kuna roƙon kujerar gaba.

Hajiya Babba: Ku yi haƙuri don Allah, ba a nan take ba.

Ɗan Zamani: Duk kuna ɓata bakinku. Ba ɗan koyo ba ƙwararre, kwamfuta ce take sauke jirgi yanzu. Matuƙan nan shayi kawai suke sha a gaba.

Injiniya: Ƙanena, rabin magana ka ɗauko. Jirgi yana iya sauke kansa, tun 1965 wani jirgi samfurin Trident ya yi hakan da fasinja a Landan. Amma sai filin yana da ILS mai daraja ta sama, jirgin yana da kayan, matuƙan kuma suna da izinin yi, kuma an fi yin sa ranar da hazo ya rufe komai. Yawancin sauka da hannu ake ƙarasa ta. Na'ura tana ƙirga musu tsayi da murya, ƙafa 50, 40, 30, a nan matuƙi zai ɗan ɗaga hancin jirgi, ya janye totur, tayoyin baya su fara taɓa ƙasa. Sai faifan da ke kan fiffike su miƙe su danne jirgin, injin ya juya iskarsa gaba, birki ya kama. Ƙarar da kuke ji bayan an taɓa ƙasa kenan.

Ɗan Zamani: Ni dai a bidiyo na gani, hannunsu ma ba ya kan sitiyari.

Malam Na Gwale: Injiniya tsakani da Allah amsa ɗaya nake so. Ana saka sabon matuƙi a jirgin fasinja ko ba a sakawa?

Injiniya: Ana sakawa. Amma sai ya riga ya samu lasisi, ya ci jarrabawar wannan samfurin jirgin a na'urar kwaikwayo, sannan ya yi tafiye-tafiye da kyaftin mai horarwa a gefensa. Kuma dama bi da bi suke yi, wani zuwan kyaftin ya sauke, wani zuwan mataimaki. Duk wanda ya ga abin bai yi ba a cikin su biyun yana da ikon cewa a fasa.

Alhajin Kwari: Allahu akbar! Kun ji da bakinsa. Ashe akwai ɗan koyon.

Yayar Matuƙi: Mai lasisi ne ɗan koyo? Injiniya kai ma ka ba su ƙofa.

Injiniya: Ikon Allah. Ban ce shi ya sauke ku ba fa, Alhaji. Bugun ƙasar ma wani lokaci da gangan ne. In akwai iska ta gefe ko titi ya jiƙe, an fi so a dasa tayoyi da ƙarfi a wurin da aka shata, da a tsaya neman laushi titi yana ƙarewa.

Baba Na Fagge: Yara ku saurara. Janairun 1973 ina saurayi a garin nan, jirgin alhazai Boeing 707 ya taso daga Jidda, Legas zai je, yanayi ya ɓaci aka karkato shi Kano. Wajen sauka ya yi hatsari ya kama da wuta, mutum 176 suka rasu. Akwai maƙwabcinmu a ciki. Ni duk matuƙin da ya ga bai natsu ba ya koma sama, addu'a nake masa.

Hajiya Babba: Allah ya jiƙansu da rahama, Baba.

Malam Na Gwale: Amin. Amma Baba kwana ne ya ƙare. Ko ya fasa ko bai fasa ba, abin da aka rubuta ba ya kankaruwa.

Ɗan Zamani: To in haka ne a rufe makarantar Zariyar mana, Malam, kowa ya hau ya tuƙa.

Malam Na Gwale: Yaro ka iya bakinka, ni ba sa'anka ba ne. Na san mahaifinka.

Ɗan Tasha: Har yanzu Hajiya ba ta janye maganar yaran mota ba.

Yayar Matuƙi: Sai Alhaji ya janye tasa.

Alhajin Kwari: Ba abin da zan janye. Bayana har yanzu ciwo yake.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Alhaji babban mutum ne, shekara da shekaru yana hawa jirgi, ba zai faɗi abin da bai gani ba. Injiniya da kansa ya amsa cewa ana saka sababbin matuƙa a jirgin fasinja, saboda haka ƙorafin Alhaji yana kan hanya. Sauran lissafin digiri da ƙafa wannan na masu boko ne, mun gode. Ɗan Zamani ya ba Malam haƙuri kafin safiya ko in cire shi. Maganar tasha kuma a bar ta. Alhaji, in kayan sun iso a ajiye min bandir biyu na shadda. An rufe.