Manhajar farashin amfanin gona: me kuka gani da kuka kai ta ƙauye?

Mai buɗe zance, Dutse: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna shirin tsara manhajar da za ta riƙa nuna farashi a kasuwannin Jigawa. Kafin mu zana ko shafi ɗaya, don Allah wanda ya taɓa kai irin wannan aiki ƙauye ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Ɗan Gumel: Wa alaikumus salam. Mu shafinmu na farko jerin kaya ne: gero, dawa, wake, riɗi, zoɓo. Ranar Alhamis na shiga Maigatari, na miƙa wa wani dattijo dillali wayar. Ya duba sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, ina Gujungu?" Nan na gane. Shi lissafinsa daga kasuwa yake farawa, kasuwa kuma da rana take tafiya: Alhamis Maigatari, Lahadi Gujungu. Muka koma muka juya hanyar gaba ɗaya, rana, sannan kasuwa, sannan kaya. Farashin ma da kilo muka rubuta, ba wanda ya ko kalle shi sai da muka mayar buhu da kwano.

'Yar Birnin Kudu: Malam, kada ku manta da matan cikin gida, abin yana damuna ƙwarai. Na yi wa masu adashi aiki. Da yawansu wayar ta maigida ce, sai bayan isha'i take shigowa hannunsu. Mun sa rajista da lambar sirrin da ake turowa ta saƙo, to saƙon yana isa maigida yana gona, kafin ya dawo lambar ta mutu. Wata Hajiya sau uku tana gwadawa, daga ƙarshe ta ce, "'Yata, bar ni da littafina." Wallahi ranar ban ji daɗi ba, don laifinmu ne.

Sannan layukan nan uku da ake ɓoye jerin shafuka a ƙarƙashinsu, ban ga wadda ta taɓa su ba. Amma alamar makirfo kowa ta san ta, saboda saƙon murya na WhatsApp. Wasu ba sa karanta boko, ajami kuwa tsaf. Lambobi dai kowa na karantawa, harkar kuɗi ce.

Ɗan Haɗeja: Gaskiya ne, Yaya. Ku duba wayar ma. Itel da Tecno ne a hannun manoman shinkafarmu, cike da hotuna da wa'azi, manhaja mai nauyi ita ake fara gogewa. Ba sa sauke ta da data, ta Xender ake tura wa juna a shagon mai caji. Mai ƙaramar waya kuma lambobin tura kuɗi masu tauraro kawai ya sani, ku yi masa tasa hanyar.

Ɗan Gumel: Na manta. Ku zana shafukan a kwali, ku zauna a majalisa bayan la'asar, ku ce wa mutum, "Baba, nemo mana kuɗin riɗi." Ku yi shiru, ku bi yatsansa.

Mai buɗe zance: Allah ya saka da alheri. Lahadi mai zuwa za mu je Gujungu da kwalayenmu. Hajiya ta Birnin Kudu, ko za ki haɗa mu da uwar adashi guda biyu?