Carlton a kakar 2026: akwai abin fata, ko in riƙe dalolina?

Ɗan Brunswick:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata ta huɗu ke nan a Melbon, ina karatu, da dare kuma ina wanke-wanke a wani gidan abinci kusa da titin Lygon. Wanda ya zauna a garin nan ya san kafin a tambaye ka sunanka an tambaye ka kulob ɗinka na ƙwallon Ostireliya, wadda suke kira futi. Ni Carlton na ɗauka, ba don na san kan wasan ba, sai don na ji akwai Musulmi a cikinsu, Adam Saad mai riga lamba 42. Da na san abin da na jawo wa zuciyata da na yi tunani.

Ina cikin filin MCG a wasan farko na 2025, mun ba Richmond ratar maki 41. Richmond fa, da suka ƙare a ƙasan teburi a 2024. Har na tafi layin sayen soyayyen dankali ina murmushi. Kafin a tashi sun rama, sun wuce mu. A taragon komawa gida ba wanda ya ce uffan, wani dattijo ya cire mayafinsa mai ruwan bula na Carlton ya cusa a aljihu. Haka kakar ta tafi: nasara 9, rashin nasara 14, matsayi na 11.

To ga tambayata. Mai dafa abincinmu ya dame ni, wai bana hukumar gasar, AFL, ta faɗaɗa ƙofa, kulob 10 cikin 18 ne za su wuce zuwa wasannin neman kofi maimakon 8, don haka in sa dala 50 a kan Carlton za ta shiga goman farko, kuɗin banza ne a ƙasa. Ban taɓa buga caca ba, amma ba zan ɓoye muku ba, sau biyu ina buɗe manhajar caca ina rufewa. Ku da kuka daɗe kuna kallo, kulob ɗin nan zai tashi bana?

Yayan Footscray:

Wa alaikumus salam ƙanena. Mai dafa abincin nan ya faɗa maka rabin magana ya haɗiye rabi. Gaskiya ne an ƙara zagaye, na 7 zai kara da na 10, na 8 da na 9, biyun da suka yi nasara su cike gurbin takwas. Kuma gaskiya ne kun ƙare na 11. Amma duba wanda ya zo na 10 bara: Sydney Swans, da nasara 12. Tsakaninku wasa uku ne cur, ba taki ɗaya ba.

Sannan wa kuka ba Charlie Curnow? Su ɗin dai. Mutumin da ya fi kowa cin ƙwallo a gasar gabaɗaya a 2022 da 2023, kun miƙa shi ga kulob ɗin da ke gabanku a layi. Tom De Koning, dogon da ke tsalle ya karɓo muku ƙwallo a tsakiya, ya tafi St Kilda, Jack Silvagni ma ya bi shi, gidan da kakansa da babansa duk Carlton suka buga wa. St Kilda kuwa su ne na 12, suna bayanku suna hura muku wuya. Abin da kuka samu a cinikin Curnow shi ne Will Hayward da damar zaɓen matasa a zagayen farko har uku. Cinikin ba laifi, amma irin na mai dasa mangwaro ne, ba bana za a sha ba.

Yanzu nauyin gaba ya koma kan Harry McKay. Ya iya, shi ya fi kowa cin ƙwallo a 2021, sai dai 'yan baya biyu za su riƙa hawa kansa tunda babu wanda za su ji tsoro a gefensa. Patrick Cripps kuma zai cika 31 a Maris. A 1995 aka haife shi, shekarar da kuka ɗauki kofi na ƙarshe. Ka yi lissafi da kanka.

Hajiyar Magpies:

Ɗana, ni 'yar Collingwood ce, don haka ka san ba tausayi zan ji maka ba. Ka tambayi tsofaffin magoya bayanku ranar ƙarshe ta kakar 2022. Muka ci ku da maki 1 tak, 75 da 74, kuka faɗo daga takwas ɗin farko bayan kun kwana a ciki tun farkon kaka. Maƙwabcina kwana uku bai fito da sharar gidansa ba.

Amma tsakani da Allah 'yan tsakiyarku ba na yarwa ba ne. In Sam Walsh ya samu lafiya, Jagga Smith ya dawo daga ciwon gwiwar da ya cinye masa shekarar farko, ga Jacob Weitering a baya, za ku ba wasu kunya. Ciwonku ba rashin 'yan wasa ba ne, numfashi ne yake ƙare muku bayan hutun rabin lokaci. Koci Michael Voss tun 2022 yake riƙe da ku bai warkar da wannan ba, kuma in watanni biyun farko suka lalace, kujerarsa za a fara girgizawa. Wasanku na farko ma da Sydney ne a filinsu na SCG, Curnow sanye da rigarsu mai ja da fari. Zan dafa shayi in zauna.

Malam Akanta:

Ni ba ruwana da kulob, lissafin kuɗin zan yi maka. Ka ɗauka kamfanin caca bai ji labarin kulob 10 ba ne sai mai dafa abincinku? Tun ranar da aka sanar suka gyara farashinsu. Duk abin da ni da kai muka karanta a jarida, ya riga ya shiga cikin lambar da kake gani a waya.

Ga yadda suke ci. A cacar ratar maki, yawanci kowane ɓangare 1.90 ake bayarwa. Kai ka sa dala 100 a kan Carlton, wani ya sa 100 a kan abokan karawa. An tara 200, wanda ya ci a ba shi 190, kamfani ya soke 10 ko wa ya yi nasara. Kafin ka tashi ba riba ba asara, sai ka canka daidai kusan sau 53 cikin 100, kullum, har abada. Cacar kaka guda kuma, kuɗinka na ɗaure daga Maris har ƙarshen Agusta, gwiwar mutum ɗaya ta goce shi ke nan. Dala 50 ɗin ba ita ce abin tsoro ba, sakonnin da za su fara shigo maka kowace Alhamis ne da tayin "kyauta". Ba banza gwamnatin ƙasar nan ta buɗe rajistar BetStop a 2023 don mutum ya kulle kansa daga dukkan kamfanonin ba, ta kuma hana caca ta intanet da katin bashi a 2024. Kwamitin majalisa ƙarƙashin marigayiya Peta Murphy ma ya nemi a hana tallar gabaɗaya.

Sauran maganar ka san ta tun kana makarantar allo, ayar giya da caca tana cikin Ma'ida. Wasan farkon nan ma a cikin azumi zai faɗo.

Ɗan Brunswick:

Malam, ka ɗaure ni da jijiyata. Na goge manhajar ina cikin tarago, mai dafa abinci ya ce ni matsoraci ne, na ce na ji. Yaya, kai kuma ka kashe min jiki da zancen 1995 ɗin nan. Duk da haka ban sallama ba: a 2023 ma ai an gama yi mana jana'iza a tsakiyar kaka, muka ci wasa 9 a jere, muka je Gabba, filin Brisbane, a wasan kusa da na ƙarshe muka zura wa Brisbane ƙwallo biyar na farko kafin su farka. Hasashena nasara 11, mu yi ta kokawa da St Kilda a kan kujera ta 10 har makon ƙarshe.

Hajiya, a ajiye min kofi ɗaya na shayin nan. In Curnow ya ci mu biyar, sai in sha shi da hawaye bayan Tarawihi.