"Doke ni, amma ka saurare ni": ladabi ne ko raini?

Ɗan Ƙofar Mata: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar aka zauna rabon gonar kakanmu, zaman ya watse baran-baran. Baffana, wanda ya yi ritaya daga sojan ruwa, ya kafe kada a sayar. Yayansu ya hasala har ya ɗaga sandarsa. Baffa ko gezau, sai cewa ya yi, "Yaya, doke ni, amma ka saurare ni." Tsakar gida ta yi tsit. Da dare na tambaye shi, ya ce maganar wani kwamandan jiragen yaƙin Girkawa ce, a wajen horo ya ji ta. Matan gida sun rabu biyu. Wasu sun ce ladabi ne, Inna kuwa ta ce raini ne aka naɗa masa rawani. Ku ya kuka gani?

Uwar Biyu: Ladabi ne mana. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ya ba yayansa girmansa, kuma bai bar gaskiyarsa ta faɗi ƙasa ba.

Malamin Tarihi: Hajiya, ki ji asalin maganar tukuna. Shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarkin Farisa Zaksis ya ci Atina ya ƙone ta, jiragen Girkawa suka taru a tsibirin Salamis. Babban kwamanda Yuribiyadis, mutumin Sparta, da wasu shugabannin suna son a ja baya zuwa wajen Korinti. Temistokilis na Atina ya ce a'a, a tsaya a ƙuntataccen mashigin nan inda yawan jiragen Farisawa ba zai amfane su ba. Gardama ta yi zafi, Yuribiyadis ya ɗaga masa sanda, shi kuma ya faɗi wannan magana. To amma ku duba lissafi. A ƙidayar Hirodotas, marubucin tarihin Girkawa, Sparta jirage 16 ta kawo, Atina 180. Har barazana Temistokilis ya yi cewa zai kwashe mutanensa ya tafi Italiya ya bar su. Idan makaho ya ce a yi wasan jifa, dutse ya taka.

Bagobiri: Ashe Inna ce ta canka. Ɗan Ƙofar Mata, ka bincika, ko takardun gonar suna ƙarƙashin katifar Baffa.

Ɗan Ƙofar Mata: Kai Bagobiri! Wallahi a hannunsa suke.

Malamin Tarihi: Kuma bai tsaya ga a saurare shi ba. A ɓoye ya tura bawansa Sikinnos wurin Zaksis da saƙo cewa Girkawa na shirin gudu, a yi maza a tare su. Farisawa suka toshe hanya cikin dare, masu son ja da baya suka wayi gari ba mafita sai yaƙi, kuma suka ci. Ƙari a kan haka, zancen sandar nan wani marubuci Fulutak ne ya rubuta shi bayan shekara fiye da 500. Hirodotas da ya fi kusa da zamanin ya kawo gardamar amma babu sanda a ciki.

Sarkin Shagali: Da a majalisar wata jiha ne, kafin ya buɗe baki ma an gudu da sandar.

Bagobiri: Namu ai tasu ita ce "zage ni, amma ka zaɓe ni". Bayan zaɓe kuma lambar ba ta shiga.

Uwar Biyu: Ku dai ba a raba ku da siyasa. Malam, ko yana da jirage 180, ai ya yarda a doke shi a gaban jama'a. Mai ƙarfin da ya sunkuyar da kai ya fi burge ni a kan marar ƙarfin da dole ta sa shi.

Ɗan Damagaram: Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda sojan ruwan Ingila suka ɗauki labaran Girkawa tamkar na kakanninsu. A 1915, yaƙin mashigin tekun Dardanel na Turkiyya, jirginsu mai suna Agamemnon yana ruwan wuta a kusa da inda ake cewa Taroy take, garin da Agamemnon na tatsuniya ya yi wa ƙawanya. Ranar 25 ga Afrilu suka cusa sojoji wajen 2,000 cikin wani jirgin dakon gawayi, River Clyde, suka hau da shi kan gaɓa, ana kiransa dokin katako, kamar wanda Girkawa suka ɓuya a cikinsa suka shiga Taroy a tatsuniyar. Sai dai wannan dokin Turkawa sun san abin da ke cikinsa, aka yi ta zubar da mutane tun a bakin ƙofa. Ƙarshe a kan Agamemnon ɗin aka sa hannu a tsagaita wuta da Daular Usmaniyya, 30 ga Oktoba 1918.

Malamin Tarihi: Hafsoshin Ingila da yawa da labaran Girkawa aka yaye su a makaranta, kalma ɗaya ta ishe su fahimtar juna. Amma a wajena babu saƙon da ya kai na mutanen Sparta bayan 'yan Atina sun ragargaza jiragensu a Sizikus a 410 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), aka kashe kwamandansu Mindaros: "Jirage sun tafi. Mindaros ya mutu. Mutane na jin yunwa. Mun rasa yadda za mu yi." Ko gida bai isa ba, 'yan Atina suka kama shi a hanya.

Sarkin Shagali: A cire sunan Mindaros, saura ai sanarwar ƙarshen wata ce a gidana.

Jikar Mai Ƙosai: Ku bari in ba ku na kakata, Allah ya jiƙanta. Kakanmu yana cikin sojojin da aka loda a jirgin ruwa a Ikko a 1943 zuwa Indiya, daga can Bama. Ana tace wasiƙunsu, an hana su faɗin inda suke ko abin da suka gani. Bayan watanni takarda ta iso, malamin unguwa ya karanta mata a zaure: gaisuwa, a gai da wane, a gai da wance, sai a ƙarshe, "Kifi na ganinka, mai jar koma." Kaka ta ce nan take cikinta ya ɗuri ruwa. Ashe ta sayar da ɗan maraƙin da ya bar mata ajiya, ta ja jarin ƙosai da kuɗin, ba wanda ya sani sai dillalin. Kwana uku ba ta runtsa ba, tana cewa wane malami ne ya buga masa ƙasa har daga bayan teku. Ta je ta durƙusa gaban surukarta ta fashe da kuka ta faɗi komai. Shekara biyu tana tara kwabo da ahu a gwangwani har ta mai da maraƙi, wanda ma ya fi na farko. Da ya dawo a 1946 ta kai shi turke ta ce, "Malam, ga abinka, kifin ya daina kallona." Mutum ya tsaya sororo. Shi jiragen Jamus masu nutso yake nufi, waɗanda aka yi ta tsorata su da su a teku, har sigari an hana su kunnawa a saman jirgi da dare. Ya ga ba Baturen da zai gane, shi ya sa ya saka ta haka. Har ta rasu ba ta yarda ba, cewa take ya sani, kawaici kawai ya yi mata.

Uwar Biyu: Allahu akbar. Ni ma ina bayan Kaka, ya sani.

Bagobiri: Wannan wasiƙar ya kamata a aika wa masu riƙe da asusunmu, ko maraƙanmu sa dawo.

Sarkin Shagali: Waɗannan ko kifin ya hau tudu ya yi musu sallama, kwamiti za su kafa.

Ɗan Ƙofar Mata: Jama'a an bar ni a baya fa. In ce wa Inna ta yi gaskiya ko a'a?

Malamin Tarihi: Faɗa mata ƙarshen mai maganar. Mutanen Atina sun kore shi daga gari, ya ƙare a hannun Farisawan da ya yaƙa, ɗan Zaksis ya ba shi mulkin garin Magnesiya.

Bagobiri: Sauya sheƙa ke nan! Ashe tsohuwar sana'a ce.

Uwar Biyu: Ba ruwan Baffa da wannan. Tukuna ma, yayan nasa ya sauke sandar ko ya doke shi?

Ɗan Ƙofar Mata: Ya sauke, Hajiya. Amma yau da asuba sahu daban-daban suka tsaya a masallaci.

Jikar Mai Ƙosai: Gonar tana bakin titi ne? Ina da mai so.