Neman shawara: kazata ta kwana 24 tana kwanci, ta ƙi tashi

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Kaji biyar gare ni, amma wadda ta hana ni sukuni ita ce jar da na raina da hannuna tun tana 'yar tsako, bayan uwarta ta mutu, har a kwali ta riƙa kwana kusa da ni. Yau kwana 24 tana kwance a gurbi, ta daina saka ƙwai, ta fige gashin ƙirjinta, kuma da na kai hannu sai ta kumbura ta sare ni. Jiya na ɗaga ta na ji ƙashin ƙirjinta ya fito. Me zan yi?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malama, ba ki faɗa mana ko akwai zakara ba, ko ƙwai nawa ne a ƙarƙashinta.

Dattijo mai kiwo: Ba sai an tambaya ba. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi ya ƙyanƙyashe, wanda ya kai 24 shiru ya zama baragurbi. Ɗumin da take ji a ƙirjinta shi ke riƙe ta a kwancin, don haka ki kwashe ƙwan, ki sa ta a keji mai ƙasan waya wanda aka ɗaga sama don iska ta ratsa ta ƙarƙashi, da ruwa da abinci, ba shimfiɗa, kwana uku. Idan kin sake ta ta koma gurbi, ki ƙara mata biyu.

Wata 'yar'uwa: Ni da tawa kazar ta yi haka, tsoma cikinta na yi a ruwan sanyi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sauran kajin da suke hawa kanta suna saka nasu, har suka fasa mini huɗu.

Dattijo mai kiwo: Hajiya, kazar da ta rame haka ba a jiƙa ta, sanyi zai kama ta.

Mai tambaya: Baba, babu zakara, ƙwai biyu ne na bar mata saboda tausayi. Keji kuwa ba zan iya ba, domin ba ta saba da kulle ba.

Amsa ta farko: To ki samo mata ƙwai masu zakara kamar takwas, ta ƙyanƙyashe ta huta.

Dattijo mai kiwo: Ku ƙara mata wasu kwana 21 ke nan, alhali sau ɗaya take fitowa ci a yini, ga ƙwarƙwata da ke taruwa a jikin mai kwanci. 'Yata, ki duba ƙarƙashin fikafikanta yau ɗin nan.

Mai tambaya: Akurkina tsaf yake, kullum sai na share shi. Kuma tsabar da nake kai mata har gurbi tana ɗan ci, shi ya sa nake ganin in ƙara mata mako ɗaya ko za ta tashi da kanta.