Keke mai caji na ɗaukar kaya: wanne ne ya fi gudu a cikin gari?

Ɗan Hotoro:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin keken caji ku taimaka min. Ina da shagon firobishin kuma ni nake sarowa da kaina daga kasuwar Singa ta Kano, tun da aka cire tallafin mai a 2023 na ajiye mashin na sayi ƙaramin keke mai 48V, inji 350W. Ba kaya yana kai kilomita 30 a awa, amma da na ɗora katan ɗin taliya da jarkar mai sai ya koma kamar ana jan sa baya, gadar sama kuwa sai na taimaka masa da ƙafa. Yanzu ina so na canza zuwa wanda ya fi gudu, wani ya ce min na nemi mai 72V wai yana kai 60. Ya kuka gani?

Mai Gyaran Sola:
Wa alaikumus salam. Malam Ɗan Hotoro matsalarka ba gudu ba ce, ƙarfin ja ne, kuma abu biyu ne daban. Wannan gudun da dillali yake faɗa maka an gwada shi ne da mutum ɗaya a miƙaƙƙen titi ba kaya. Volt idan ya ƙaru injin yana ƙara saurin juyawa, gaskiya ne, amma abin da ke tayar da lodi daga tsaye ya hau da shi gada shi ne yawan wutar da kwantirola ke bari ta wuce da kuma irin injin kansa. Akwai wanda injinsa yake cikin tayar baya, shi ya fi yawa a nan kuma ya fi arha, akwai kuma wanda injin yake tsakiya wajen feda yana ja ta sarƙa, wannan yana amfani da giyar keken shi ya sa ya fi iya hawa tudu da kaya, sai dai yana cin sarƙa kuma kayan gyaransa sai ka sha yawo.

Batir kuma kar ka tsaya kan volt kawai, ka ninka shi da Ah, wato ma'aunin yawan cajin da batirin ke ɗauka. 48V sau 20Ah ya ba ka 960Wh, 60V sau 20Ah ya ba ka 1200Wh, wannan lambar ita ce tankinka. Kuma ka sani iya gudunka iya shan batir, domin iska ce take tare ka, wanda zai kai ka Singa ka dawo a 30 ba lallai ya dawo da kai ba in ka ce 50 za ka riƙa yi. Ka tambaya ma ko lithium ne ko irin mai dalma ɗin nan, mai dalma guda huɗu kaɗai sun haura kilo 20, ka ga tun kafin ka ɗora kaya ka riga ka yi lodi.

Baban Ilham:
Ni dai tambayata ina za ka yi gudun 60 ɗin? Daga Singa ka fito Bata ka bi cikin 'yan adaidaita da masu kura, wallahi ko 25 ka samu ka gode Allah. Abin da nake so ka duba birki ne ɗan'uwa. Keken da ke 45 tsayar da shi ya ninka na mai 25 wahala fiye da sau uku, ga buhu a baya yana turo ka, in birkin waya ne na keken yara to sai dai Allah ya kiyaye. Ka nemi mai birkin faifai na mai gaba da baya, taya mai faɗi, sannan ka girgiza kariyar ka gani ko a jikin bodin aka yi mata walda ko noti ne kawai ya riƙe ta. Kuma kaya su zauna ƙasa-ƙasa, in ka tula su sama a kwana za ka ji keken yana neman kwanciya.

Bakano a Jamus:
Bari na ɗan faɗi yadda abin yake a nan ko zai yi amfani. A Tarayyar Turai keken da doka ta ɗauka a matsayin keke injinsa 250W ne kuma yana daina taimaka maka a 25 a awa. In kana son mai kai 45 to ya zama kamar ƙaramin babur, a Jamus sai da lamba ta inshora da lasisi da hular kwano, kuma galibi ba a barin ka hanyar kekuna. Amma ka ga masu kai saƙo da iyaye masu ɗaukar yara biyu duk mai 25 ɗin suke hawa, irin su Urban Arrow da Tern GSD, shi GSD ɗin an ƙera shi ya ɗauki wajen kilo 200 har da nauyin keken da mai tuƙi. Wat ɗinsu kaɗan ne a takarda amma injin tsakiya ne mai ƙarfin ja. Kuɗinsu dai ba a magana, ban ce ka saya ba, tsarin nake so ka gani.

Mai Gyaran Sola:
Na manta caji. Da zafin Kano na watan Afrilu kar ka jona batir kana dawowa daga hanya yana da zafi, ka bar shi ya huce a inuwa, kuma kar ka sa cajar wani keken don bakinsu ya zo ɗaya, cajar 72V a batir 60V gobara ce. In za ka iya ka ɗauki wanda batirinsa ke cirewa, ka yi caji a shago da rana in kana da sola.

Ɗan Hotoro:
Allah ya saka da alheri, na gamsu. Ke nan zan nemi mai 60V lithium da birkin mai, kuma zan ce wa mai sayarwa sai na ɗora buhun shinkafa mai kilo 50 na hau gada da shi kafin na biya. Malam Mai Sola, shi wanda nake da shi yanzu in aka canza masa kwantirola zai ƙara ƙarfi ko injin ne zai ƙone? Ƙanena nake son bar wa.