Kyamara a wajen marayu: taimako ne ko wanke suna?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wani gidan talabijin ya kira ni, suna so su zo Dorayi su ɗauki bidiyon marayun da muke koya wa ɗinki da zanen sutura, a irin shirin nan na gwarzayen al'umma. Jiya Baban Walid ya ce wai irin wannan shiri ba ya amfanar yaro ko ɗaya, sunan mai gidauniya kawai yake wankewa. Ku raba mu.

Baban Walid: Ina nan a kan bakana, Hajiya. Minti biyar, kiɗa mai sanyi, yaro na murmushi, shi ke nan an tafi. Ki duba labarin PlayPump a Afirka ta Kudu: lilo ne mai juyawa, yara na wasa yana janyo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa tanki. Tashar PBS ta Amurka ta nuna shi a 2005, duniya ta ɗauka, a 2006 Laura Bush, matar shugaban Amurka na lokacin, ta sanar da tallafin sama da dala miliyan 16. Daga baya me aka gani? Yara ba sa wasa dare da rana, mata ne suka koma tura lilon da ƙyar, wasu famfunan suka lalace babu mai gyara.

Ɗan Kurmi: Yaya, ka ci rabin labarin ka bar rabi. Wa ya tona asirin? Ita dai 'yar jaridar da ta yi rahoton farko ce ta je Mozambik, tashar ta nuna abin da ta tarar a 2010. Ashe laifin ba na kyamara ba ne, na rashin komawa ne.

Baban Walid: To a nan Kano wa ka taɓa gani ya koma?

Malama Inna: Ni Zannah Mustapha nake tunawa. Lauya ne a Maiduguri, ya buɗe makarantar Future Prowess a 2007 da yara 36, yana haɗa marayun ɓangarorin rikicin Boko Haram a aji ɗaya. Ya karɓi kyautar Nansen ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017, CNN ta sa shi cikin gwarzayenta goma a 2021. Kana nufin duk wannan bai jawo masa ko buhun shinkafa ba?

Baban Walid: Malama, shekara goma ya yi yana aiki kafin Nansen. Aikin ne ya kira kyamara, ba kyamara ce ta haifi aikin ba.

Ɗan Kurmi: Haka ma Mohammed Bah Abba na Jigawa, mai tukunya cikin tukunya. Jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu, a rufe da ɗanyen tsumma, ruwan na bushewa yana tafiya da zafi, yalo da tumatir su yi makonni ba su ruɓe ba. Ya ci kyautar Rolex a 2000. Abin da ya fi burge ni, an ce 'yan mata sun sami sararin zuwa makaranta tunda ba dole a fita talla kullum kafin kaya su lalace. Wallahi ni a labarai na fara jin sa, alhali maƙwabcinmu ne.

Kawu: Duk kun tsallake abin da ya fi damuna. Aya ta 271 a Baƙara ta halatta bayyana sadaka, ta ce ɓoyewa ya fi. Amma wannan hukuncin mai bayarwa ne. Mai karɓa fa? Yarinyar da aka nuna fuskarta aka ce marainiya ce ba ta da mai ciyar da ita, gobe za ta girma, bidiyon yana nan a Facebook, dangin miji su gani. Wa ya nemi izininta? 'Yar shekara tara ba ta san abin da ake nufi ba.

Malama Inna: Wannan kam gaskiya ne, Kawu. Na ja da baya a nan.

Maman Ummi: Allah Ya saka, Kawu. Ni dai kekunan ɗinki uku gare mu, yara goma sha huɗu na layi a kansu, shi ya sa raina ya biya. Zan ce musu su ɗauki hannaye da kekuna da rigunan da aka ɗinka, ban da fuska, ban da suna. Kuma su rubuta mini za su dawo bayan shekara.

Baban Walid: In suka yarda da na ƙarshen, Hajiya, keke na huɗu a wuyana yake.

Ɗan Kurmi: Zaure shaida ne, Yaya. Na adana saƙon.