Masu bin sumo, Takerufuji da gaske yake ko sa'a ce?

Abba_Gwammaja | Lahadi, 17 ga Maris 2024

Salam jama'a, barkanmu da shan ruwa. Ina masu bin sumo, kokawar gargajiyar Japan, a gidan nan, na san kuna nan ko ba ku da yawa. Ni ban daɗe da farawa ba, gasar Janairu ce ta ja ni, yanzu ga ta Osaka yau kwana 8 kenan an ci rabi, kuma wlh kaina ya ɗaure. Terunofuji da ya ɗau kofi a Janairu, shi kaɗai ne yokozuna (matsayi mafi girma a sumo), jiya ya janye bayan 'yan maegashira (matsayin ƙasa a babban rukuni) uku sun kayar da shi a jere. Kirishima kuma kamar ba shi ne ya ci gasar Nuwamba ba, kusan kullum sai ya sha ƙasa. Sai ga wani sabon yaro wai shi Takerufuji, shi ne can ƙarshen jerin gaba ɗaya, maegashira na 17, wannan ne ma zuwansa na farko babban rukuni, ya yi 8 ba faɗuwa ko ɗaya. Gashinsa ma bai kai a yi masa irin ɗaurin manya ba.

Toh tambayata, ta ya kuke gane wanda yake tashe na gaske ana tsakiyar gasa? Lissafin ci da faɗuwa kawai ake dubawa ko akwai wani abu? Yaron nan zai iya ɗauka? Sannan ƙarfe nawa ake yi a lokacinmu na nan, ni dai guntayen bidiyo nake tsinta da daddare idan an kawo wuta na yi caji.

Baban_Ikram | Lahadi, 17 ga Maris

Wa alaikumus salam Abba. Ka sassauta murna tukunna, takwas ɗin nan da ka gani ba irin takwas ɗin ozeki (masu bi wa yokozuna a matsayi) ba ce. Su masu haɗa karo ba a farkon gasa suke tsara kwana 15 gaba ɗaya ba, kusan kullum sai sun zauna sun fitar da na gobe, kuma a makon farko kowa da na kusa da shi a jeri yake karawa. Kenan yaronka duk wanda ya kayar zuwa yau 'yan ƙasa-ƙasa ne irinsa. Wanda yake komusubi (matsayin da ke saman maegashira) ko maegashira na 1 da na 2 kuwa shi ake fara jefa wa yokozuna da ozeki tun ranar farko, za ka iya ganinsa da ci 3 faɗuwa 5 alhali ya fi mai 8 ɗin can lafiya da ƙarfi, kawai dai wuta aka saka shi.

Yanzu da ya yi takwas cikin 15 ya tsira, don cinsa ya fi faɗuwarsa yawa, an san matsayinsa zai hau a jerin da za a fitar na Mayu, wannan kam ya ci riba. Amma daga gobe za su fara jawo shi sama, don ba za su bar shi ya ɗauke kofi yana dukan yara ba. Ka tuna Onosato a Janairun nan da ka ce ka kalla? Shi ma zuwansa na farko ne, ya yi ci 8 faɗuwa 1 kowa na ihu, aka ba shi Kotonowaka, aka ba shi Hoshoryu, aka ba shi Terunofuji, manya uku a jere duk ya sha kaye. Atamifuji a Satumbar bara ma haka, ya ja gaba har ranar ƙarshe, Takakeisho ya kauce masa a karon raba gardama ya dangwarar da shi ƙasa, shi kenan. Ni na sha ganin irin wannan, sai na ga ya taɓa manya zan yi magana.

Lokaci kuma, Japan ta riga mu da awa 8. Manyan suna shiga wajen 4 na yamma su gama kafin 6 a can, mu nan 8 zuwa 10 na safe kenan. Ga azumi ga baccin bayan asuba, sai dai ka saka alam. NHK World suna haɗa duka karon babban rukuni cikin kamar rabin awa, da Turanci, wannan ya fi sauƙin data.

KB_Fagge | Lahadi, 17 ga Maris

Hhhh wai ku da azumi a baki kuna zaune kuna kallon ƙatti da bante suna ture-ture? Allah Ya shirya. Abba har kai?

Malam_Tijjani_Kurna | Litinin, 18 ga Maris

KB ka bar mu mu sha iska. Ai har Musulmi ya taɓa yi, Osunaarashi ɗan Masar, shi ne ɗan Afirka na farko da ya kai babban rukuni, a gasar Nagoya ta 2014 da ta faɗo cikin Ramadan ya kayar da yokozuna biyu, Kakuryu da Harumafuji. Wanda bantensu ya dama sai ya kau da kai, ba dole.

Abba, maganar Baban Ikram gaskiya ce ta ɓangaren lissafi, amma ni ban yarda a ce sai an ga ya taɓa manya kafin a san ko yana da kyau ba. Ana gani tun yanzu, idan ka san inda za ka duba. Ni ba na fara duba wa ya ci, ƙafa nake kallo. Ka samu bidiyon karonsa ko wanne, ka rage gudun bidiyon, ka kalli daƙiƙa biyun farko lokacin da suka taɓa ƙasa da hannu suka zabura. Yaron nan kafin abokin karonsa ya gama miƙewa shi ya riga ya iso, kansa a ƙasa, ƙugunsa a ƙasa, hannuwansa sun shige ta ciki ƙarƙashin hammata, tafin ƙafarsa kuma ba ya ɗagawa sama, jan sa yake a kan yashi taku gajeru gajeru. Da'irar nan faɗinta mita 4.55 ne kawai, idan aka riga ka taku biyu saura kaɗan ka ji igiyar bakin fili a dugaduganka. Yawancin karonsa kafin ka gyara zama an gama. Kuma fa ba wani ƙato ba ne a cikinsu, bai kai kilo 150 ba, Onosato wajen 180 yake.

Akwai mai cin 8 da baya da baya, wato yana ja da baya yana danna kan mutum ƙasa, ko ya kauce a tashin farko, ko a tura shi har bakin igiya ya yi wata dabara ya tsira da ƙyar. Irin wannan ci ne a takarda amma ba tashe ba ne, ranar da ya haɗu da wanda ba ya ruɗuwa ya ƙare. Wanda kullum gaba yake yi shi ne mai lafiya. Ko a kokawarmu ta gargajiya ai tsofaffin 'yan kallo tun daga yadda mutum ya kafa ƙafa ya sunkuya suke cewa wannan yau ba zai kai ba.

Sai kuma bandeji. Su 'yan sumo ba sa faɗin ciwo, ka tambaye su su ce lafiya ƙalau, to kai ka dinga lura, wanda jiya gwiwarsa ba komai yau ka ga an naɗe ta, ko yatsun ƙafa, ko gwiwar hannu. Ka duba yadda yake tsugunnawa bayan an gama, da yadda yake sauka daga kan dandamalin, wasu sai sun dafa. Mafi muni shi ne wanda da an kai shi bakin igiya sai kawai ya taka waje da kansa ba turjiya, wannan akwai abin da yake karewa a jikinsa. Terunofuji gwiwoyinsa biyu sun daɗe da lalacewa ga ciwon suga, mutumin da ya faɗo daga ozeki har rukuni na biyu daga ƙasa ya sake hawowa ya zama yokozuna a 2021, in ka ga ana tura shi baya cikin sauƙi ka san jikin ne ya ƙi, kuma shi yokozuna ba a rage masa matsayi, sai dai ya huta ko ya yi ritaya, shi ya sa yake janyewa da wuri. Ozeki ba shi da wannan gatan. Dubi Takakeisho, wuyansa na damunsa, bai gama ta Janairu ba, wannan karon in bai kawo 8 ba ya sauka daga ozeki, don haka duk abin da yake yi yanzu na neman tsira ne ba na kofi ba, kar ka auna shi da ma'aunin Takerufuji.

Na yi tsawo, a yi haƙuri, shago ba ciniki da safen nan. Af, yau ma Takerufuji ya kayar da Abi, komusubi ne fa Baban Ikram, 9 kenan.

Baban_Ikram | Laraba, 20 ga Maris

Malam Tijjani na gani, jiya ya kayar da Onosato yau Kotonowaka, 11. An ce ya kamo tarihin da tsohon yokozuna Taiho ya kafa a 1960, sabon shiga ya ci 11 a jere daga ranar farko. Madalla. Amma ku lura da abu ɗaya, duk mutanen nan a gasar nan suka fara taɓa shi, ba wanda ya san nauyin zaburarsa sai a bidiyo, kuma wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce ga sabon shiga. Sannan ɗan gidan horo na Isegahama ne, gida ɗaya da Terunofuji, 'yan gida ɗaya ba a haɗa su sai a raba gardama, kenan ko da Terunofuji yana nan ba za su kara ba, Atamifuji ma haka. Gobe Hoshoryu. Shi ba ya tsoron a turo shi, yana ma so, don da ƙarfinka yake jefa ka, jinin tsohon yokozuna Asashoryu ne. Mu gani.

Abba_Gwammaja | Asabar, 23 ga Maris

Innalillahi. Jama'a kun ga na yau? Na Hoshoryu ranar Alhamis ban ji zafi sosai ba, yadda Baba ya faɗa haka aka yi, ya taho da gudu aka naɗe masa hannu aka wurga shi, jiya kuma ya huce a kan Wakamotoharu na ce shi kenan an dawo hanya. Yau da ya ci Asanoyama da an gama magana. Sai ga shi an fitar da shi, kuma ba faɗuwar ce ta dame ni ba, yadda ya sauko yana ɗingishi ya kasa taka ƙafar dama, aka kawo keken guragu aka tura shi, wai har asibiti. Ina shago na kasa cewa komai, wani kwastoma yana ta min magana ban ma ji ba.

Yanzu ya lissafin yake? Shi 12 da 2, Onosato 11 da 3. Idan bai fito gobe ba fa?

Malam_Tijjani_Kurna | Asabar, 23 ga Maris

Idan bai fito ba an ba Gonoyama, abokin karonsa na gobe, ci a ɓagas, shi ya koma 12 da 3. Sai a jira Onosato da Hoshoryu. Onosato ya faɗi, kofi na Takerufuji ne ko yana kwance a gado. Onosato ya ci, sun yi kunnen doki, sai raba gardama, wanda ba ya nan kuwa ya rasa. Idan ya fito ya ci ba ruwansa da kowa.

Ni in ɗana ne cewa zan yi ya zauna. Shekararsa 24, idon sawu ba abin wasa ba ne ga wanda duk sana'arsa zabura ce, kuma a sumo ba a tausaya wa mai jinya, duk ranar da ba ka fito ba kamar faɗuwa ake lissafa ta, ka huta gasa ɗaya ka gangara, ka huta biyu ka bar rukunin. Wannan tsarin shi yake sa su fitowa da ciwo su ƙara lalata kansu, abin da na fi tsana kenan a wasan nan duk da ina son sa. Amma na san ba zai zauna ba.

Abba_Gwammaja | Lahadi, 24 ga Maris

YA CI!!! Wlh ban koma bacci ba bayan asuba, na sayi data musamman. Ya fito ƙafar a naɗe da bandeji, ni ina ta kallon ƙafar kamar yadda Malam ya koya min, na ce yau kam ba zai iya zabura ba, sai ga shi ya shige Gonoyama ya kama shi ya yi gaba da shi, Gonoyama ya turje a bakin igiya, ya sake tura shi ya faɗa waje. 13 da 2. Rabon da sabon shiga ya ɗau kofin babban rukuni tun 1914, shekara 110, kuma gasarsa ta 10 kenan da fara sumo gaba ɗaya, a Satumbar 2022 ya fara. Kyaututtuka uku na musamman da ake bayarwa a ƙarshen gasa ma duk an haɗa masa. Onosato kuma Hoshoryu ya jefar da shi daga baya. KB kana ina, fito ka taya mu murna, shan ruwan yau a wuyana, ƙosai da kunu dai ba ƙari.

Baba Baban Ikram, muna jiran jawabi.

Baban_Ikram | Lahadi, 24 ga Maris

Barka Abba, yaro ya yi abin a yaba, na ranar yau ma ko maƙiyinsa ya sara masa. Amma jawabina bai canza ba. Tokushoryu ma daga maegashira na 17 ya ɗauka a Janairun 2020 da ci 14, gasar da ta biyo baya da aka kai shi sama ko takwas bai haɗa ba, bai kuma sake kusantar kofi ba. Terunofuji shi ma daga 17 ɗin ya ɗauka a Yulin shekarar, ya zama yokozuna. Wanne daga ciki yaronka zai bi, sai an kai shi inda zai kara da manya tun makon farko, kowa kuma ya riga ya ɗanɗana shi. Ni a biyun nan har yanzu Onosato na fi saya, 11 a Janairu 11 yanzu, kuma wannan karon daga maegashira na 5 ya yi ta, jikinsa lafiya lau.

Ta Mayu a Tokyo za a yi, a zauren sumo na Kokugikan. Kafin nan ka dinga bibiyar labarin ƙafar, ko zai shiga zagayen nune-nunen da suke yi a Afrilu ko ba zai shiga ba, daga nan za ka fara sanin inda aka kwana. Ƙosan kuma a aiko min nawa Hotoro, ban da yaji da yawa.